Sikeli ya ce 31, ya dawo ya ce 27: yaya ake auna kitsen jiki?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Shekarata 38, tsayina santimita 175. Wata uku ke nan ina motsa jiki: kwana uku a mako ina ɗaga ƙarfe, sauran kwanakin ina tafiyar ƙafa bayan Asuba, na kuma rage lemon kwalba da cin dare. Na fara da kilo 92, yanzu ina 90. Wanduna sun yi mini yawa, amma nauyi ya ƙi sauka. A gidan motsa jikin da nake zuwa akwai sikeli mai nuna kitse. Ranar Litinin da safe ya ce kashi 31 cikin ɗari, ranar Laraba da yamma bayan na gama atisaye ya ce 27. Wanne zan yarda da shi? Yaya ake auna kitse na gaskiya? Uwargida ma tana son farawa."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai ina taya ka murna. Wata uku ba fashi ba ƙaramin abu ba ne. Kuma a cikin saƙonka akwai magana ɗaya da ta fi duk lambobin da ka lissafo nauyi a wurina, wato cewa wandunanka sun yi maka yawa. Riƙe ta, za mu dawo kanta.

Mu fara da lissafi. Mutum mai kilo 90, idan kashi 31 na jikinsa kitse ne, yana ɗauke da kitse kusan kilo 28. Idan kashi 27 ne, kilo 24 da ɗoriya. Tsakanin Litinin da Laraba ke nan sikelin yana cewa kilo uku da rabi na kitse sun bar jikinka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, uku da rabi sun kai kusan 27,000. Namiji mai girmanka yana ƙona abin da bai wuce 2,500 zuwa 3,000 ba a yini. Ko da ka daina cin komai kwata-kwata, sai ka yi kusan kwana goma kafin ka ƙona wannan. Saboda haka kitsenka na Litinin shi ne kitsenka na Laraba. Abin da ya canja ruwan jikinka ne.

Wannan sikelin ba ya ganin kitse. Faranta na ƙarfe da kake takawa suna tura wutar lantarki 'yar mitsitsiya, wadda ba ka ma jin ta, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Wuta tana gudu a cikin ruwa mai gishiri. Tsoka cike take da ruwa, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, shi ya sa yake tare wuta. Na'urar tana auna irin turjiyar da wutar ta gamu da ita, ta haɗa da tsayi da shekaru da jinsi da ka danna mata, sannan ta yi kintace bisa wani lissafi da kamfanin ya zuba a cikinta. Lissafin ya ɗauka cewa duk abin da ba kitse ba a jikin mutum, kusan kashi 73 cikin ɗarinsa ruwa ne, kuma haka yake kullum. To, ba haka yake kullum ba. Ranar Litinin ka hau da safe, ka kwana ba ka sha ruwa ba, ka yi fitsari, jiki ya ɗan bushe, wuta ta sha wuyar wucewa, na'ura ta ce kitse ya yi yawa. Ranar Laraba ka wuni a tsaye ruwa ya gangaro ƙafafu, ka yi atisaye jini ya cika tsoka, fata ta yi ɗumi, tafin ƙafa ya jiƙe da gumi, wuta ta wuce salin-alin, na'ura ta ce ka rage kitse. Ga kuma wani abu: wuta gajeriyar hanya take bi. Ta hau wannan cinya, ta ratsa ƙasan mara, ta sauka ta waccan. Tumbin da kake son sanin labarinsa kusan ba ta leƙa shi. Irin wanda ake riƙewa da hannu biyu shi ma hannuwa da ƙirji kawai yake ratsawa. Manyan da ake takawa kuma a riƙe sun fi dama-dama, amma su ma ruwan jiki yana juya su.

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa mutane ba ita ce, babu wanda ya taɓa ɗora kitsen mai rai a kan ma'auni. Sai a gawa ake iya ware kitse gefe a auna shi. Duk sauran hanyoyin, daga tef ɗin tela har na'urar asibiti mai tsadar gaske, kintace ne, sai dai wani kintacen ya fi wani kusa da gaskiya. Da zarar ka gane wannan, za ka daina neman lambar da ba ta kuskure. Abin nema shi ne ma'aunin da idan ka maimaita shi yau da gobe zai ba ka abu ɗaya, ta yadda in ya motsa bayan wata guda ka san jikinka ne ya motsa.

Yanzu batun kilo biyu da suka ɓata maka rai. Sikelin nauyi komai yake haɗawa: ƙashi, tsoka, kitse, ruwa, da tuwon da ka ci jiya wanda bai fita ba tukuna. Sha fiya wata leda biyu ka hau, ka ƙara kusan kilo ɗaya nan take. Jiki kuma yana ajiye sukari a hanta da tsoka, abin da ya kai rabin kilo ko ƙasa da haka kaɗan, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Shi ya sa wanda ya yanke tuwo da shinkafa da burodi gaba ɗaya yake ganin kilo biyu sun tafi a makon farko har ya yi ta murna, alhali yawancinsu ruwa ne, ranar da ya koma cin tuwo za su dawo. Kai kuwa akasin haka ne ya same ka. Wanda ya fara ɗaga ƙarfe sabo, musamman mai ɗan jiki, yakan gina tsoka a daidai lokacin da yake zubar da kitse, tsokar kuma tana ƙara riƙe sukari da ruwa. Mai yiwuwa ne ƙwarai ka zubar da kitse kilo huɗu, ka ƙara kilo biyu na tsoka da ruwanta, sikeli ya nuna maka biyu kacal. Kuma kitse ya fi tsoka cin wuri: lita ɗaya ta kitse nauyinta kusan giram 900 ne, ta tsoka kusan giram 1,060. Jiki yana iya tsukewa nauyi yana nan kusan inda yake. Wandonka bai san lissafi ba, amma abin da ya faɗa maka gaskiya ne.

Kafin in gaya maka abin da za ka auna, sai ka san wane kitsen ne abin tsoro, don ba duka suka zama ɗaya ba. Ka tuna ranar layya, lokacin da ake fiɗar rago. Da an ɗaye fata akwai kitsen da ke kwance a ƙarƙashinta, a gadon baya da wajen wutsiya. Da an farke ciki kuma sai ka ga wani daban: farin nan mai kama da raga da ya lulluɓe tumbi, da wanda ya manne wa hanji, da dunƙulen da ƙoda take kwance a cikinsa. Mutum ma haka yake. Na ƙarƙashin fata shi ne wanda kake iya mintsinowa da yatsa a cinya ko damtse. Na cikin ciki ba ya mintsinuwa, yana can bayan tsokar ciki yana turo ta waje, shi ya sa za ka ga mutum da tumbi tantsan-tantsan kamar ganga alhali hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne. Wannan na cikin shi ne mai ɓarna. Jinin da ke fitowa daga wajen hanji kai tsaye hanta yake nufa, don haka abin da kitsen nan yake saki hanta ce take fara karɓa. Daga nan ake samun hanta mai kitse, jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, sai ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya su biyo baya. Na sha zama da mutanen da aka gano musu suga suna mamaki, suna cewa ai su ba su da ƙiba. In ka ɗaga rigar sai ka ga inda ƙibar ta ɓuya. Babbar riga da kaftani suna rufa wa tumbi asiri shekara da shekaru, mu kuma mun saba kallonsa a matsayin alamar hutu da wadata. Wannan kallon yana cin mutanenmu, kuma yana damuna ƙwarai.

Abin daɗin shi ne kitsen ciki yana cikin waɗanda suke saurin amsa motsa jiki, kuma ma'auninsa mafi sauƙi yana rataye a wuyan kowane tela.

Sayi tef ɗin awo sabo, wanda bai saki ba, don tsohon tef yakan miƙe ya riƙa rage maka lamba. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya santimita. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Na fi son santimita don ya fi nuna ƙaramin canji. Da safe, bayan ka zaga, kafin ka karya, cire riga ka tsaya gaban madubi, ƙafafu kusa da juna. Sa yatsa a gefen jikinka ka laluba haƙarƙarin ƙarshe na ƙasa. Gangaro har ka ji saman ƙashin ƙugu. Tsakiyar waɗannan biyun nan ne wurin awo, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. A yawancin mutane yana faɗowa ɗan sama da cibiya. Zagaya tef ɗin, ka duba madubi ka tabbata bai karkace ta baya ba, ya kwanta a fata ba tare da ya nutse a cikinta ba. Saki kafaɗa, yi numfashi biyu ko uku yadda ka saba, ka karanta a ƙarshen fitar numfashi. Kada ka shanye ciki. Kowa yana yi ba da saninsa ba, da tef ya taɓa fata sai ciki ya shige, don haka ka ɗan jira ya saki. Auna sau biyu. In bambancin ya wuce santimita ɗaya, sake. Kuma kada ka ɗauki lambar wandonka a matsayin awon ƙugu: maza da yawa a ƙarƙashin tumbi suke ɗaura bel, mutum yana sa wando mai lamba 36 alhali cikinsa ya haura inci 40.

Ga yadda ake karanta abin da ka samu. Ga namiji, daga santimita 94, wato inci 37, haɗari ya fara ƙaruwa. Daga 102, kusan inci 40, ya yi yawa sosai. Ga mace, 80 da 88 ne, wato kusan inci 31 da rabi, da kusan 35. Waɗannan iyakokin daga binciken da aka yi a kan Turawa aka samo su, ana kuma amfani da su a Afirka kudu da Sahara kafin a tsayar da namu. Sannan ba su kula da tsayi ba, alhali santimita 94 a jikin dogon mutum daban take da 94 a jikin gajere. Shi ya sa na fi son ƙa'idar da hukumar NICE mai tsara jagororin lafiya a Birtaniya ta ɗauka a 2022: ƙugunka kada ya kai rabin tsayinka. Raba awon ƙugu da tsayi. Daga 0.4 zuwa 0.49 lafiya lau. Daga 0.5 zuwa 0.59 kitsen ciki ya ƙaru. Daga 0.6 zuwa sama haɗarin babba ne. Kai mai santimita 175, rabinka 87 da rabi ne. Ko tef babu, ana iya yi da igiya: auna tsayinka da ita daga ƙasa zuwa tsakar ka, yanke, ninka biyu, zagaya a ciki. In bakin ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabanka, kana ganinta da idonka.

Na san duk da haka zuciyarka tana son lambar kashi cikin ɗari, kowa haka yake. To, da tef ɗin nan za ka iya samun ta. A 2018 wasu masu bincike biyu a cibiyar Cedars-Sinai da ke Los Angeles, Orison Woolcott da Richard Bergman, sun fitar da wani lissafi mai sauƙi bayan sun gwada shi da awon na'urar asibiti na dubban Amurkawa. Raba tsayi da ƙugu, ninka abin da ka samu sau 20, sannan ka ɗebe shi daga 64 in namiji ne, daga 76 in mace ce. Ba ka faɗa mini ƙugunka ba, amma a ce santimita 100 ne. 175 a raba da 100 ya ba da 1.75, sau 20 ya zama 35, a cire daga 64 saura 29. Kitsenka ke nan wajen kashi 29. Ranar da ƙugu ya sauko 95 lissafin zai ba ka 27, ranar da ya kai rabin tsayinka zai ba ka 24. Akwai kuma hanyar sojojin ruwan Amurka, wadda Hodgdon da Beckett suka fitar a 1984: namiji ya auna wuya ƙasa da zakaran wuya, da ciki daidai cibiya, da tsayi, mace kuma ta auna cikin a inda ya fi tsukewa, ta ƙara da zagayen mazaunai. Lissafinta ba wanda ake yi da ka ba ne, amma akwai shafuka da manhajojin waya da za ka zuba lambobin su ba ka amsa. Dukansu biyun suna iya kauce wa gaskiya da maki uku ko huɗu ga mutum ɗaya, sama ko ƙasa. In ya ce 29, karanta shi a matsayin wani wuri tsakanin 26 da 32. Amfaninsu shi ne shan ruwa ko gumi ba ya juya su yadda yake juya sikelin nan.

BMI da ake lissafa maka a asibiti ba zan daɗe a kansa ba. Nauyi ne a kilo, a raba da tsayi a mita sau kansa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a, wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, kuma ya raɗa masa wannan suna a 1972. Naka ya sauko daga 30 zuwa 29.4. Daga 25 ake cewa nauyi ya wuce kima, daga 30 ake cewa teɓa. Yana da amfani wajen tantance jama'a da yawa, amma bai san bambancin ɗan dambe da mai zaman shago ba in nauyinsu da tsayinsu ɗaya ne. A farkon 2025 ma wani kwamitin ƙwararru na mujallar likitanci ta Lancet ya ba da shawarar a daina yanke hukuncin teɓa da shi kaɗai, a haɗa da awon ƙugu ko awon kitse.

Akwai kuma awon mintsinon fata, da wani ɗan ƙarfe ko roba mai baki biyu kamar awartaki. Ana kama fata da kitsen ƙarƙashinta da babban yatsa da manuni, a ɗaga ta daga tsoka, a matsa bakin na'urar a karanta kaurin a milimita. Hanyar Durnin da Womersley ta 1974 wuri huɗu take ɗauka: gaban damtse, bayan damtse, ƙasan allon kafaɗa, da saman ƙashin ƙugu. Ta Jackson da Pollock ga maza wuri uku: ƙirji, gefen cibiya da cinya. A hannun wanda ya ƙware hanya ce mai kyau, ni ma ina amfani da ita ga 'yan wasa. Sai dai ƙwarewar tana buƙatar ka mintsini mutane da yawa kafin hannunka ya daidaita, mutum ba ya iya yi wa kansa a baya, kuma mutum biyu suna iya auna ka a rana ɗaya su saɓa. Ga mai tumbi kuma tana da babban giɓi, tunda kitsen cikin ciki ba ya shiga bakin awartaki. In ka samu mai yi maka, ya kasance mutum ɗaya ne kullum, a ɓangaren jiki ɗaya, kuma ka riƙa rubuta jimlar milimitocin kawai. In jimlar ta sauka daga 90 zuwa 75, kitsen ƙarƙashin fata ya ragu, ba sai an juya ta zuwa kashi cikin ɗari ba.

Ina da dalilin cewa kada a juya. Durnin da Womersley mutum 481 suka auna a Glasgow. Lissafin William Siri da ake bi a mayar da irin wannan awon zuwa kason kitse ya ɗauka cewa ɓangaren jiki marar kitse nauyinsa ɗaya ne a kowa, giram 1.1 a kowace mililita. Bincike a kan baƙaƙen fata na Amurka ya nuna cewa a matsakaici nasu ya ɗan fi haka, saboda ƙashi mai nauyi da yawan tsoka. Ma'ana lissafin da aka ɗinka a jikin wasu, in aka sa mana, yana iya kaucewa. Sikelin gidan motsa jikinku ma bai faɗa maka a kan su wa aka gina lissafinsa ba.

Wadda ta fi kusa da gaskiya cikin waɗanda mutum zai iya samu ita ce DEXA. Hoton asibiti ne mai haske kaɗan ƙwarai, asalinsa don auna ƙarfin ƙashi aka yi shi. Kana kwance minti goma ko makamancin haka, ta raba maka jiki uku, ƙashi da kitse da sauran nama, ta nuna nawa ne a hannu, nawa a ƙafa, nawa a ciki. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, ba a yi wa mai juna biyu, kuma na'urorin kamfanoni daban-daban su ma sukan saɓa da maki ɗaya ko biyu. In ka samu dama ka yi sau ɗaya yanzu, sau ɗaya bayan wata shida a kan na'ura ɗaya, zai ƙayatar da kai. In ba ka samu ba, ba ka rasa abin da zai canja shirinka ba. Kuɗin na fi so ka kai su gwajin suga da na kitsen jini, ka kuma auna hawan jini, tunda shekarunka da awonka sun kai a duba.

To nawa ya kamata mutum ya nema? A jadawalin da masu horarwa suka fi amfani da shi, namiji mai kashi 18 zuwa 24 yana matsakaici, 14 zuwa 17 jiki ne na mai motsa jiki sosai, 6 zuwa 13 na 'yan wasa, daga 25 zuwa sama kitse ya yi yawa. Ga mata lambobin sun fi haka da kusan maki bakwai ko takwas: 25 zuwa 31 matsakaici, 21 zuwa 24 na mai motsa jiki, daga 32 ya yi yawa. Akwai kitsen da rai ba ya yi sai da shi, kashi 2 zuwa 5 ga namiji, 10 zuwa 13 ga mace, don da shi ake gina ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da sinadaran haihuwa. Samarin da kake gani a Instagram ciki layi-layi, yawancinsu hoton rana ɗaya ne bayan makonni na yunwa da rage ruwa, ba haka suke yawo duk shekara ba. Magidanci mai shekara 38 da ya sauko wajen kashi 20, ƙugunsa ƙasa da rabin tsayinsa, yana hawa bene ba haki, ya samu abin da ake nema.

Uwargida kuwa, ka gaishe ta, ka ce ta fara da bismillah, amma kada ta gwada lambarta da taka. Allah ya halicci mace da kitsen da ya fi na namiji, a cinya da mazaunai da ƙirji, kuma wannan na ƙasan bai kai na ciki haɗari ba. Ita ma ƙugu za ta riƙa aunawa. Kwanakin da al'ada ta gabato jiki yakan riƙe ruwa, nauyi ya hau da kilo ɗaya ko biyu, ciki ya ɗan kumbura, don haka ta riƙa gwada awon bayan wankan wannan wata da na bayan wankan wata mai zuwa. In tana da ciki ko ba ta daɗe da haihuwa ba, a ajiye tef da sikelin lantarki tukuna. In kuma ta matsa wa kanta da rage abinci har al'ada ta ɗauke ko ta rikice, jiki ne yake cewa abin ya yi yawa, ta ƙara ci ta kuma ga likita.

Ga tsarin da nake ba waɗanda nake horarwa. Littafi ɗaya ƙarami. Ƙugu sau ɗaya a mako, rana ɗaya, misali kowace Juma'a da safe. Nauyi sau uku ko huɗu a mako, da safe bayan an zaga, a kan sikeli ɗaya da aka ajiye a daɓe mai tauri, ba kan darduma ba, sannan a ƙarshen mako ka haɗa ka raba ka rubuta matsakaicin. Matsakaicin mako da mako kake kallo, lambar rana ɗaya ba ta da labari. Hoto sau ɗaya a wata, gaba da gefe, wuri ɗaya, haske ɗaya, ka bar shi a wayarka. Sai kuma abin da mutane ke mantawa: rubuta nauyin ƙarfen da kake ɗagawa da sau nawa. Daga nan karatun mai sauƙi ne. Ƙugu yana sauka, ƙarfi yana hawa, nauyi ya tsaya ko yana sauka a hankali: kana kan hanya, kada ka taɓa komai. Nauyi yana zubewa da sauri, fiye da kilo ɗaya kowane mako, ƙarfi yana raguwa, ƙugu bai motsa sosai ba: tsoka kake ci, ƙara abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nama, nono, awara, ka kuma sassauta yunwar. Komai ya tsaya cik mako huɗu zuwa shida: duba man da ke cikin miya, sukarin shayi, da abin da ake ci tsakanin abinci da abinci.

Sikelin gidan motsa jikin ba na ce ka ƙaurace masa ba. In za ka hau, hau shi a yanayi ɗaya kullum: da safe, kafin atisaye, kafin abinci, bayan fitsari, tafin ƙafa a bushe kuma a tsabtace, sau ɗaya a mako biyu. Ka kalli inda lambobin suka dosa cikin wata uku. Da azumi kuwa, musamman in ya faɗo a bazara, ka ƙyale shi gaba ɗaya, don awon la'asar na mai ƙishirwa da awon bayan tarawihi na wanda ya sha ruwa da kunu kamar na mutum biyu ne. Duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya taka irin wannan sikelin sam.

Kuma ina roƙonka kada ka shiga sahun masu naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi su yi gudu da rana don su yi gumi. Gumi ruwa ne da gishiri, ba narkakken kitse ba. Na taɓa ganin saurayi ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo a watan Afrilu saboda wannan, da ƙyar aka farfaɗo da shi, kilo biyun da ya zubar kuma suka dawo kafin washegari. Bel ɗin matse ciki da shayin rage tumbi su ma haka: ɗaya yana matse ka ne na awanni, ɗayan yawanci gudawa ko fitsari yake sa ka. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙona. Jiki daga ko'ina yake ɗiba, a tsarin da ya gada.

Abu na ƙarshe, wanda tef ba zai faɗa maka ba. Ba kowane babban ciki ne kitse ba, ba kuma kowace rama ce nasara ba. Cikin da ya kumbura cikin 'yan makonni, ko ya zo da kumburin ƙafa wanda in ka danna yatsa ya bar rami, ko da canjin launin ido zuwa rawaya, ruwa ne mai yiwuwa daga hanta ko ƙoda ko zuciya. Ga mace yana iya zama ƙari a mahaifa. Haka nan in ka ga kana zubewa fiye da abin da atisayenka da cinka za su bayyana, ga yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tari da ya wuce mako biyu da gumin dare, ajiye littafin awo ka tafi asibiti a wannan makon.

Ranar Juma'a mai zuwa ka auna ƙugunka ka rubuta, uwargida ma ta rubuta nata. Bayan mako shida ka aiko mini da lambobin shida tare da matsakaicin nauyinka na kowane mako da nauyin ƙarfen da kake ɗagawa, in sha Allahu mu duba su tare. Allah ya ƙara lafiya.